Waƙa A Bakin Mai Ita

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Magana ce wadda kowa ya yarda da ita a baki, amma zuciyar ɗan Adam ba kullum ta ke bin abin da baki ya yarda da shi ba. In mutum ya ƙaunaci wani mawaƙi ƙauna ta gaske, sai ya wayi gari duk wata waƙa mai daɗi da ya ji yana ƙyashin a ce ba daga bakin gwaninsa ta fito ba. Ya saurara, ya yaba, sa'an nan ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, da ma wane ne ya yi wannan!" To, wannan labarin wani dattijo ne na Bebeji wanda ya riƙe irin wannan buri a ransa shekara da shekaru, da abin da burin ya zame masa daga bisani.

Bebeji tsohon gari ne a kudu da birnin Kano, ba nisa da hanyar Zariya. Garin fatake ne tun zamanin da a ke kora jakuna zuwa Gwanja a sayo goro. A nan aka haifi Alhaji Alhasan Ɗantata a 1877, wanda ya zama babban attajirin zamaninsa kafin ya rasu a 1955. A nan kuma sojan Turawa suka yi karo da mutanen ƙasar Kano a farkon watan Fabrairu na 1903, 'yan kwanaki kaɗan kafin su shiga birni. A cikin ƙasar Bebeji ne madatsar ruwan Tiga ta ke, wadda aka gama ginawa a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo.

A wata unguwa ta garin nan akwai wani tela mai shago a bakin hanya. Kullum in an sauko daga sallar La'asar sai waɗansu dattawa su shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonsa, su yi ta hira har Magariba ta gabato. Cikinsu akwai malamin makarantar allo, akwai wani da ya yi ƙuruciyarsa wajen haƙar kuza a Riruwai ta ƙasar Doguwa, akwai kuma wani tsohon direban babbar mota wanda shekarunsa suka doshi 80. Abin da ya haɗa su, ban da zumunci da maƙwabtaka, shi ne son waƙoƙin Alhaji Mamman Shata. Telan yana da 'yar rediyo mai cin katin waya, ya cika katin da waƙoƙin Shata, ba a tashi hira sai an ji biyu ko uku.

Ba sai an tsaya ana gaya wa Bahaushe ko wane ne Shata ba, amma saboda yara masu tasowa ya kamata a faɗi kaɗan. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don ba gadon gidansu ba ce. Ya yi tallan goro da alewa yana yaro, daga nan waƙa ta rinjaye shi, ya bi ta fiye da shekara 50 da kiɗan kalangu. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa direbobi da manoma da sojoji, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a asibiti a Kano cikin watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar.

Dattawan nan suna da wani wasa da su kan yi in hira ta yi daɗi. Ko wanne sai ya faɗi waƙar wani mawaƙi dabam wadda ya so a ce Shata ya ɗauka ya rera da muryarsa, sauran kuwa su yi ta gardama a kai.

Telan, shi burinsa Bakandamiyar Narambaɗa ce. Ya kan ce duk ƙasar Hausa ba a taɓa tsara magana kamar yadda Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya tsara a cikinta ba, amma faifan da aka ɗauke ta a kai ya tsufa, sai mutum ya kasa kunne ƙwarai kafin ya rarrabe kalmomin, ga kuma Hausar Gobirawa wadda ba ko wane Bakano ke ganewa ba. Da Shata ya maimaita ta da muryar nan tasa mai fita tar, in ji shi, da yaran yanzu sun san abin da a ke kira azanci.

Mutumin Riruwai kuwa, da ya ke ya zauna Jos, ya san waƙoƙin Ɗan Maraya kamar yunwar cikinsa. Shi abin da ya so shi ne Shata ya yi waƙar Karen Mota. Ya ce Ɗan Maraya ya yi ta shi kaɗai da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ta yi daɗi, ta kuma ba da tausayi. Amma a ce an sa mata kalangai da 'yan amshi a tsakiyar tashar mota, ai da ranar ba motar da za ta tashi.

Malamin allo ya fi su duka dogon buri. Shi ya so a ce Shata ya zauna ya rera Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya, tun daga farko har ƙarshe. Ya ce Shata ya yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma kowa ya ji yadda jiki ke sanyi in an sa waƙar. To, ina ga a ce muryar nan ce ta ɗauki wa'azin Imfiraji ta shiga da shi gidajen da malami ba ya shiga?

Kowa da nasa, kuma ko wane buri akwai hujja a bayansa. Sai dai in aka duba al'adar mawaƙan Hausa za a ga dalilan da suka sa irin wannan bai cika faruwa ba.

Dalili na farko, yawancin waƙoƙin manyan makaɗa riguna ne da aka ɗinka wa mutum guda. Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Amadu. Salisu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Ɗan Anace na 'yan dambe ne, musamman Shago. A cikin irin waɗannan waƙoƙi a kan jero iyaye da kakannin wanda aka yi wa, a yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. In wani makaɗi ya ɗauki waƙar ya kai ta wata fada, wa zai yaba, wa kuma zai zaga? Balle Bakandamiya, wadda kirari ce da mawaƙi ke yi wa kansa. Shata yana da tasa Bakandamiyar, Narambaɗa yana da tasa, ya kuma riga Shata rasuwa da fiye da shekara 30. Mutum ba ya yin kirari da bajintar wani, gama zanen aro ba ya rufe katara.

Dalili na biyu, ko wace waƙa a kan kiɗanta aka gina ta. Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da kotso su ke yi, Haruna Uji na Haɗeja da gurmi, Garba Supa da kukuma, Barmani Coge ta Funtuwa da ƙwarya. Karin waƙa yana bin abin kiɗa kamar yadda tafiyar kaya ke bin dabbar da aka ɗora wa. Abin da kotso ya ɗauka da nauyi da jinkiri, in aka juye shi a kan kalangu, ya zama wata waƙa dabam.

Dalili na uku shi ne kishin sana'a. A wurin makaɗan da, ɗaukar waƙar wani alhali ba a gada ba abin gori ne, ana cewa wane ba shi da ta kansa. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, watau ta gado. Ɗanƙwairo ya tashi a bayan mahaifinsa da wansa Abdu Kurna, kuma bayan ya rasu a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da rera waƙoƙinsa, ba wanda ya ce sun yi sata. Haka Sani Aliyu Ɗandawo ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo. Shata kuwa bai gaji kowa ba, kuma an san shi da cewa ba ya zama ya shirya waƙa a gida. In kalangu ya tashi, nan take ya ke ƙaga ta. Mutumin da rijiyarsa ke ɓuɓɓuga haka, me zai kai shi ɗiban ruwa a ta maƙwabci?

Amma fa burin malamin allo bai yi nisa da al'ada kamar na sauran ba, don rubutacciyar waƙa hukuncinta dabam. Ita tun asali an yi ta ne don kowa ya rera. Imfiraji ma a bakin makafi masu bara ta zaga ƙasa, bayan kuma an buga ta a Zariya. Ishiriniya, wadda a ke karantawa a ko wane gari na ƙasar Hausa, Alfazazi ne ya yi asalinta, wani malami kuma ya zo daga baya ya yi mata tahamisi, watau ya ƙara layuka uku a kan ko wane biyu. A ƙasar Masar, Ummu Kulsum ta ɗauki waƙar yabon Annabi ta Ahmad Shauƙi mai suna Nahjul Burda ta rera a 1946, shekara 14 bayan rasuwarsa, ta kai ta kunnen miliyoyin mutane waɗanda ba su taɓa buɗe littafinsa ba. Shi kansa Shauƙi sawun Burdar Busiri ya bi.

A ƙasashen Turawa kuwa, mawaƙi ya sake rera waƙar wani abu ne na yau da kullum, sai dai a biya mai ita hakkinsa. Duk da haka su ma suna da nasu "da ma". Wata mawaƙiya ta Amurka, Dolly Parton, ta fitar da wata waƙar bankwana a 1974. Elvis Presley, wanda ya fi kowa suna a lokacin, ya so ya rera ta, amma mai kula da harkokinsa ya ce sai an ba su rabin mallakar waƙar. Mai waƙa ta ƙi. Elvis ya mutu a 1977 bai yi ta ba, masoyansa suna ta cizon yatsa har yau. A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta game duniya, arzikin kuwa ya komo wa wadda ta ƙi sayar da abinta. Ashe ciwon nan ba na dattawan Bebeji kaɗai ba ne.

To, duk sa'ad da a ke wannan wasa, tsohon direban nan ba ya cewa kome. In an matsa masa sai ya yi murmushi ya ce, "Ku dai ku yi, ni tawa ba ku san ta ba." Suka ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi. Alhali kuwa gaskiya ya faɗa, don waƙar da ya ke nufi ba ta cikin faifai ko kaset, ba a kuma taɓa sa ta a rediyo ba. Waƙar niƙa ce ta mahaifiyarsa.

Sa'ad da ya ke yaro, kafin injin niƙa ya zo garin, mata kan tashi tun da asuba su durƙusa gaban dutse su niƙa dawar tuwon yini. Shi ne auta, saboda haka a ɗakin uwarsa ya ke kwana, kuma abin da ke tashe shi kullum shi ne gurzar dutse da muryarta a hankali. Waƙar ta wata mace ce wadda wanta ya bi ayari zuwa Gwanja bai komo ba. Tana kiran zango bayan zango, tana tambayar mutanen ko wane gari ko sun ga wucewarsa. Uwar ta ce ita ma a bakin kakarta ta ji. Da injin niƙa ya zo aka jingine duwatsu a bayan ɗaki, waƙoƙinsu suka bi su. Uwar ta rasu shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, watau 1973, yana can bisa hanya da lodi.

Ya fara da karen mota, ya zama direba. Shekara da shekaru yana ɗaukar masara da shinkafa daga Tudun Wada da Doguwa, ya ratsa dajin Falgore zuwa Jos, ya komo da dankalin Turawa, ya fito Kwanar Ɗangora ya miƙe Kano. Da kaset ya zo, Shata ya zama abokin tafiyarsa, shi ke hana shi gyangyaɗi a tsakiyar daji. A cikin dararen nan ne tunanin ya shige shi. Ya ga duk abin da Shata ya sa a baki ba ya mutuwa. Direbobi 'yan'uwansa da Shata ya ambata, ga su nan sunansu ya zaga duniya. Sai ya ce a ransa, da Shata zai karɓi waƙar nan ta niƙa ya yi mata ko da baiti biyar ne, da shi ke nan ta tsira.

Sau ɗaya Allah ya haɗa su wuri guda. Wani mai motoci ya yi bikin 'yarsa a Kano, ya kira Shata, direban kuwa yana cikin waɗanda aka gayyata. Ya tanadi kuɗi, ya yi ta maimaita maganar da zai faɗa. Da wasa ya yi wasa ya kutsa cikin fili, ya yi liƙi, ya buɗe baki, sai kunya ta rufe shi. Ya ce a ransa, yaya namiji mai gemu zai tsaya gaban taro ya roƙi a yi masa waƙar niƙa ta mata? Ya juya ya koma wurin zamansa, ya ce sai wani jiƙon. Wani jiƙon bai zo ba. Ranar da aka yi sanarwar rasuwar Shata yana Kwanar Ɗangora, ya kashe mota ya zauna a gindin taya har rana ta faɗi. Yaran mota suka zaci Shata kaɗai ya ke wa makoki.

Aka yi shekaru. Ran nan wani jikansa da ke karatu a Kano ya zo hutu, ya zauna gefen tabarma yana jin gardamar dattawa. Da suka koma gida da dare ya ce, "Kaka, ai abin da ku ke ta buri yanzu ya zama wasan yara. Akwai wata dabara ta kwamfuta, ana ce da ita ƙirƙirarriyar basira. In an ba ta muryar mutum ta saurara, sai ta kwaikwaye shi, ta rera duk waƙar da aka ba ta kamar shi ne."

Yaron bai yi ƙarya ba. A watan Afrilu na 2023 wani ya saki waƙa a intanet da muryoyin da aka kwaikwaya na mawaƙa biyu 'yan Kanada, Drake da The Weeknd, alhali ba su san da ita ba. Mutane da yawa suka saurara kafin kamfanin mawaƙan ya sa a cire ta. A watan Nuwamba na shekarar kuma, waɗanda suka rage daga ƙungiyar Beatles ta Ingila suka fitar da wata waƙa da muryar John Lennon, wanda aka kashe tun 1980. Sai dai su ba kwaikwayo suka yi ba. Muryarsa ce ta ainihi a wani tsohon kaset, na'ura ta tace ta daga hayaniya.

Tsoho ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Abokina, kana nufin Shata zai yi mini waƙar da na ke so?"

Yaro ya ce, "Muryarsa dai za ta yi. Abin da a ke bukata kawai, ka rera mini ita daga farko har ƙarshe in ɗauka a waya."

A daren nan ne dattijo ya faɗi sirrin da ya ɓoye wa abokan hirarsa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗauko amshi. Amshi ya zo daidai. Ya yi baiti na fari, ya yi na biyu. Da ya kai na uku sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Ya san akwai garuruwa da yawa a gaba, ya san akwai inda matar ke ambaton kogi, amma kalmomin sun tafi. Shekara 50 yana dakon waƙa a ransa yana neman wanda zai ba, bai taɓa kwance ƙunshin ya duba ba, ashe gara ta cinye.

Bai yi barci ba. Da gari ya waye ya kira jikan ya ce, "Na yi tunani. Maganar muryar Shata a bar ta. Mutumin nan yana da rai ban iya tambayarsa ba, don na ji kunya. Yanzu da ya ke kwance a Daura, ba shi da bakin cewa i ko a'a, sa'an nan zan sa masa magana a baki? Wanda ya ji zai ce Shata ya yi, alhali bai yi ba. Wannan shaidar zur ce, kuma yana da 'ya'ya da za a yi wa. Na biyu kuma, ko na yarda, me zan ba na'urar taka? Baiti biyu? Tashi ka nemo mana babur, za mu Kiru."

A Kiru yayarsa ta ke aure tun tana yarinya. Ta girme shi da shekara bakwai ko takwas, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau. Bayan an gaisa an sha ruwa, ya ce, "Yaya, waƙar nan ta Inna ta niƙa, ta mai neman wanta, kina tune da ita?"

Tsohuwa ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Auta, yau kuma waƙar niƙa ka zo nema da furfurarka?" Ya ba ta labari duka, har da na bikin Kano. Ta ce, "Allah Sarki! Ka tafi neman Shata, ni kuwa ina nan zaune, motarka tana wucewa ta Kwanar Ɗangora ko wane mako, ba ka taɓa tsayawa ka tambaye ni ba."

Ta gwada rerawa daga zaune, ita ma ta sarƙe a baiti na huɗu. Sai ta ce a ɗauko mata dutsen niƙa. Aka samo shi a bayan gida, kaji na shan ruwa a cikinsa. Aka wanke, aka zuba mata 'yar dawa, aka kama ta ta durƙusa. Da hannu ya fara kai da komo, sai waƙa ta fara zuwa, baiti na bin baiti, kamar an buɗe bakin rumbu. Matan gida suka bar abin da su ke yi suka kewaye ta. Jikan yana riƙe da waya yana ɗauka. Dattijo kuwa ya juya fuska wajen bango, don kada yara su ga idonsa.

Baiti 11 aka samu a ranar. Ta ce akwai saura, amma sai a wurin wata 'yar ƙanwar uwarsu da ke Tudun Wada. Bayan mako guda suka je can, suka samo uku, da kuma wani baiti wanda ta rera dabam da yadda yayar ta yi. Suka bar su duka biyun, ba su zaɓi ɗaya ba, don ba wanda ya isa ya ce ga na ainihi.

Jikan ya ce zai buga kalmomin a waya, tsoho ya ce a'a, da hannunsa zai rubuta. Bai yi boko yana yaro ba. Sai da Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ya shiga ajin dare, don ya gaji da dangwala yatsa a takardar lodi. Ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya yi kwana huɗu yana sauraro yana rubutawa, harafi bayan harafi. A saman shafin fari ya sa sunan uwarsa, da na kakarta, da na mata biyun da suka rera masa, da garin da aka ɗauki ko wane baiti.

Da ya kai littafin wurin hira, malamin allo ya karɓa ya duba, ya ga sunayen zangon da ke ciki: Yawuri, Nikki, Yandi, Salaga. Ya ce, "Alhaji, ka san abin da ka rubuta kuwa? Ai wannan hanyar Gwanja ce, wadda iyayen su Ɗantata suka bi. Matan da ba su taɓa fita ƙasar Kano ba, su ne suka riƙe ta a gaban dutsen niƙa." Aka sa muryar tsohuwa a rediyon tela. Murya ce mai rawa, numfashi na yanke ta, ga gurzar dutse, ga kukan kaza a baya. Ba wanda ya yi magana har ta ƙare. Can sai tela ya nisa ya ce, "Kai, da ma Barmani Coge ce ta samu wannan!" Aka fashe da dariya, har da mai littafin. Hali zanen dutse.

Ba laifi ba ne mutum ya yi wa gwaninsa irin wannan buri. Alama ce ta ƙauna, kuma hira ce mai daɗi wadda ke sa a tuna da mazan jiya. Shata ya tafi a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, abin da suka yi sun yi, kuma an ɗauke shi, ba zai ɓace ba. Har littafi guda aka rubuta a kan rayuwar Shata, mai suna Shata Ikon Allah, wanda ya fito a 2006. Waɗanda ke cikin haɗari su ne waƙoƙin da ba su da faifai: na niƙa, na daka, na daɓe, na reno, na gayya, na 'yan mata a dandali. Ko wace tsohuwa da aka kai makwanci a Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ta kan tafi da waɗansu, kuma ba na'urar da za ta iya kwaikwayon abin da ba ta taɓa ji ba. Wanda ya iya riƙe alƙalami, ko da jiya ya koya, yana da abin da zai tare wannan asara da shi, gama guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Yayar dattijon ta rasu da kaka ta kewayo. Littafin yana nan cikin akwatinsa tare da tsohon lasin tuƙi, an rubuta shafi shida, saura fari. Ya ce da jikansa in ya sake zuwa hutu za su Doguwa, don an ba shi labarin wata tsohuwa a can wadda ta san waƙoƙin daɓe.